Ƙulli Bakwai a Igiyar Kawu

Bari in fara da laifina, tunda ba wanda zai faɗa a madadina. Na manta yadda ake rufe ɗauri. Iyakar abin ke nan. Ban yi sata ba, ban zagi kowa ba. Mataki na ƙarshe na ɗaurin igiya ne ya ɓace mini, kunya kuma ta hana ni tambaya, domin kwana biyu kafin nan na tsaya a tsakiyar nadi na rantse a gaban jama'a cewa ko an rufe mini ido, ko an rataye ni kaina ƙasa, ko ina tsakiyar barci da minshari, zan yi ɗaurin nan.

Nadi shi ne gidan wasan samarin unguwarmu a Umbadda, cikin Omdurman. Kada ka hango wani babban gini. Fili ne da katanga, da dakalin siminti a gefe guda, da dogayen sandunan ƙarfe biyu, da kujerun roba waɗanda kowace da irin ciwonta. Akwai wadda in ka zauna a kanta sai ka fara yin wasiyya. Duk ƙaramar sallah mukan yi wasan kwaikwayo a can, rabi da Hausa rabi da Larabci. Tsofaffi su yi dariyar rabin farko, yara su yi ta rabi na biyu, kowa ya koma gida yana cewa ya gane komai.

Mai kula da igiyoyin dandali Kawu ne, yayan Ummana. Ya yi ƙuruciyarsa yana ɗaure kaya a kan manyan motocin da ke tashi daga Omdurman zuwa yamma. Ni a ganina ko iska ka ba shi zai ɗaure ta, ya kai ta Nyala ba ta zube ba. Ciwon suga ya rage masa gani, ya taɓa masa ƙafa ɗaya, hannunsa na hagu kuma ya daina riƙe abu da ƙarfi, amma bakinsa lafiya lau yake. Ni ba ya kirana da sunana sai dai "kai, ɗan banzan nan", in kuma yana cikin nishaɗi, "ya walad", wato "kai yaro" da Larabci.

Abin da ake ratayewa a bayan 'yan wasa shi ne labule. Inna, matar Kawu, ita ta ɗinka shi da buhunan fulawa da ta wanke ta haɗa, wata uku tana kai. Wani ɗalibi ɗan Nijar da ke karatu a Khartoum ya zo ya zana lungu a jiki: katanga, bishiyar dalbejiya, shuɗiyar ƙofa da ta yi kama da ta gaske har wata akuya ta taɓa tunkuyinta tana son shiga. A sama da ƙofar akwai taga, a tagar kuma wata mata ta jingina, da mayafi rawaya. In ka tambayi Kawu wace ce, sai ya ce ba kowa ba ce, fenti ne ya ragu. Duk unguwa ta san wace ce. Inna ta rasu shekara biyu kafin abin da nake ba da labari, ba su bar ɗa ba. Tun daga nan Kawu da kansa yake wanke labulen, ya ninke shi, ya kwanta da shi a ƙarƙashin gadonsa har wata sallar.

Yadda ake rataya shi ba wuya a faɗa. Ana ɗaure bakin labulen a jikin wani dogon bututun ƙarfe mai nauyin bala'i. Igiya biyu ke riƙe bututun, su bi ta zobe a saman sandunan, su haɗu su zama igiya ɗaya, ita kuma ta gangaro zuwa wani zoben da aka binne a siminti. Duk nauyin a kan ɗauri ɗaya yake, wanda ake yi a wannan zoben na ƙasa. Ɗaurin 'yan lodi ne, kuma Kawu ya koya mini shi ya fi sau hamsin.

"Murɗa igiyar a tsakiya, ka fito da kunne. Yauwa. Kai jelar ƙasa ta zaga zoben, ta dawo ta shiga kunnen. Ja! Ka ji yadda take zuwa? Ƙarfinka ya zama na mutum uku. Kai da ba ka wuce rabin mutum ba, ka zama ɗaya da rabi."

"Kawu, ai ni na fi ka tsawo."

"Kara ma ya fi ni tsawo. Danne nan da yatsa biyu. Yanzu ninka jelar, ka cusa ta a ninke. A ninke na ce, ba bakinta ba! Ranar saukewa fizga ɗaya ne, sai ka riƙa sassautawa a hankali, labule ya sauko kamar ana shimfiɗe jariri."

Dokarsa biyu ce a dandali. Ba a yanka igiya, kuma mutum ɗaya ne ke yin ɗaurin ƙarshe, shi ake kira mai igiya na wannan shekara. Tun da aka kafa nadi Kawu ne mai igiya. A azumin shekarar nan yatsunsa suka ƙi dannewa, sai ya ce ni. Na yi ta yawo a unguwa kamar an naɗa ni sarkin Omdurman da Bahri da kifayen da ke tsakani.

Ranar ratayewa bayan la'asar ne, a kwanakin ƙarshen azumi. Harshena ya bushe kamar tsohon takalmi. Samari biyar suka ja bututun sama suna riƙe, suna ta zagina in yi sauri. Na murɗa, kunne ya fito. Na zaga zobe, na dawo, na ja, igiya ta miƙe tana ƙara. Na danne da yatsa biyu. Sai kaina ya zama fanko. Na duba jelar igiyar a hannuna kamar ban taɓa ganinta ba. Ta ina take shiga? Sama ko ƙasa? Kawu na zaune a kujerar baya, taku goma kawai, kalma ɗaya ta isa. Amma mutanen da na rantse wa suna nan, har da 'yan matan da suka zo gwada kayan wasa.

Sai na yi ƙulli irin wanda ake ɗaure akuya da shi. Na ji tsoro kada ya zame, na ƙara wani. Na ƙara. Bakwai na yi, ɗaya a kan ɗaya, na ɗauki sauran jelar na nannaɗe su tsaf yadda ba mai gani. Samari suka saki. Nauyin bututu da labule ya zauna a kan ƙullina, na ji sun matse da wata 'yar ƙara kamar an taune ƙashi.

Kawu ya taso, ya lalubi igiyar, ya kaɗa ta da yatsa kamar tsirkiyar garaya, ya karkata kunne.

"Tamam, ya yi daidai," ya ce. Ya dafa kaina. "Ɗan banzan nan ya gaje ni."

A raina na ce ba komai. Bayan sallah zan zo da sassafe da samarin nan biyar, su ɗage nauyin, in kwance, ba wanda zai sani har tashin duniya.

Ranar Asabar da safe muka ji ƙarar farko daga wajen Khartoum. Ba zan ba da labarin yaƙi ba, wasu sun fi ni ganinsa. Abin da na sani shi ne sallah ta zo ba a yi wasa ba. Wuta ta ɗauke, ruwa ya ɗauke. Samarin nan biyar suka tafi ɗaya bayan ɗaya, wani Kosti, wani Madani, wani ban sani ba har yau. Masu bindiga suka shiga makarantar da ke manne da nadi, suka hau rufinta suka zauna. Daga ƙofar gidanmu, in ka ɗaga kai, kana iya hango saman labulen ya leƙo ta kan katanga. Na daina ɗaga kai.

Bayan wasu makonni Umma ta samo mana wuri a wata bas da za ta tashi zuwa Gadarif bayan azahar, inda 'yan uwanmu suke. Wuri uku: ita, ni, Kawu. Da hantsi muna ɗaure kaya sai Kawu ya sa takalmi.

"Ina zuwa, Yaya?"

"Labule."

"Yaya, don girman Allah! Tsumman buhu ne fa. Mutane na barin gidaje da gadaje."

"Su suka sani. Ni ba na shiga mota ba shi."

"A jikin makarantar nan fa yake!"

"Minti biyar ne. Fizga ɗaya, mu ninke, mu dawo." Ya juyo wajen da nake. "Ko ba haka ba, mai igiya?"

Nan ne dama ta biyu ta zo mini. Umma na kallona, Kawu na jira. Na ce, "Haka ne, Kawu."

Ban taɓa sanin rana tsaka na iya ba mutum tsoro ba sai ran nan. Lungunmu da ba ka iya taku uku ba ka yi karo da raksha mai ƙafa uku ko jaki ko yaro da kwanon wake ba, ya zama shiru. Ƙofofi a buɗe, ba kowa ciki. A ƙarƙashin bishiyar da mai shayi ke zama, kujerunta na nan a zagaye, buta a kan murhu, kofi ɗaya da busasshen ganyen shayi a gindinsa. Kawu ya riƙe kafaɗata muna tafe a jikin katanga. Na ce masa yau ko tsirara muka fito ba mai ganinmu. Bai yi dariya ba. Ni ma muryata ta dawo mini daga bangon gidan wani, ban ji daɗinta ba.

Muka tura ƙofar nadi. Kujerun na nan yadda muka jera su, layi-layi, duk suna fuskantar dandali, ƙura ta zauna a kan kowace. Kamar an gama taruwa ana jiran mu fara. Labulen kuma na sama. Rana ta cinye shuɗin ƙofar, amma rawayan mayafin bai dushe ba. Iska ta shiga bayansa ta kumbura shi, sai matar tagar ta leƙo gaba, ta sunkuyo kanmu, ta koma. Ta sake leƙowa. Igiyar na wani kuka siriri da ba ya yankewa. Na rantse da farko na ɗauka mutum ne ke nishi a bayan dakali, har na leƙa.

Kawu ya tsaya yana kallon sama, ko da yake na san inuwar launi kawai yake gani. Ya ce, "Sannu da jira." Ba da ni yake ba.

Ya durƙusa a wajen zoben, ya fara warware naɗin da na yi. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa. Naɗin ya ƙare. Yatsunsa suka nemi jelar da za a fizga, ba su samu ba. Suka hau ƙullin farko, suka tsaya. Suka sauka na biyu. Ina ganin leɓensa na ƙirgawa.

"Nawa ka yi?"

"Bakwai."

"Bakwai."

"Na manta ne, Kawu."

"Ina ina lokacin?"

"A kujerar baya."

"Bakinka fa? Shi ma ka ɗaure shi?"

Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya san zagin da ke sa kare ya bar gari. Amma sai ya zauna a ƙasa, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo.

Na fara kawo dabaru kamar mahaukaci, da raɗa. Na ce ga wuƙa a aljihuna. Ya ce ko da babu dokarsa, in na yanka bututun zai faɗo kan siminti da ƙarar da za a ji a Bahri, ya yaga labulen biyu, mutanen rufin makaranta kuma su leƙo su ga wa ya harba musu igwa. Na ce zan hau sanda in kwance labulen daga bututun. Ya ce duk wanda kansa ya wuce katanga, suna ganinsa. Na ce mu biyu mu ɗage nauyin. Na rataya a jikin igiyar da dukkan ƙarfina har idona ya yi duhu. Ko motsi ba ta yi ba. Abin da mutum biyar suka ja suna nishi, rabin mutum da tsoho mai hannu ɗaya ba za su ɗage ba.

Ya zaro basilla daga aljihun jallabiyarsa, irin wadda ake ɗinkin buhu da ita. Ya soka ta a ƙullin ƙarshe, ya fara lallaɓa shi, zare-zare. Na ce ya ba ni, idona ya fi nasa. Ya ce ba aikin ido ba ne, zan huda igiyar. Muka zauna. Daga rufin makaranta muna jin maganarsu, wani na dariya, wani na kiran a kawo ruwa. Matar tagar na leƙowa tana komawa. Inuwar sanda ta taƙaita har ta shige ƙarƙashinta kafin ƙulli ɗaya ya saki.

Ɗaya. Saura shida, kuma kowane na ciki ya fi na waje matsewa.

"Tashi," ya ce. "Je ka gaya wa uwarka ina zuwa a motar gobe."

"Ba inda za ni."

"Ba shawara nake nema ba."

"Ai ko ka kwance ba za ka iya saukewa kai kaɗai ba."

"Kunnen da ka yi mai kyau ne. Da shi ko tsohuwa za ta sauke. Nan ba ka yi kuskure ba." Ya miƙo mini jelar igiyar da ta ragu. "Zo. Ga ƙafar kujera. Rufe mini ɗauri."

"Yanzu?"

"A'a, bayan sallar baɗi."

Na kama. Na danne, na ninka jelar, na cusa ta a ninke. Karo ɗaya. Bai ɗauke ni numfashi biyu ba. Ya shafa, ya fizga, ta kwance sumul.

"Ashe ka iya," ya ce. "Halas, shi ke nan. Tafi. Bi jikin katanga, kada ka yi gudu."

A bakin ƙofa na waiwaya. Yana zaune a ƙasa, ya ba kujerun baya, basilla a hannu, labulen na kumbura a kansa. Yana magana ƙasa-ƙasa, irin yadda mutum ke yi wa na gida hira yana aiki. Na ja ƙofar a hankali don kada in katse su.

Umma ta so ta koma ta jawo shi da kanta. Maƙwabcinmu mai gyaran raksha, wanda shi ma ya ƙi tafiya saboda mahaifiyarsa ba ta iya tashi, ya tare ta. Ya ce zai duba Kawu, zai sa shi a motar gobe da hannunsa. Muka shiga bas da wuri ɗaya babu kowa a tsakaninmu, har wata mata ta ɗora jakarta a kai.

Washegari babu mota. Jibi ma haka. Wayar maƙwabcin ta shiga sau biyu. A ta farko Kawu ya karɓa ya ce wa Umma, "Gaya wa ɗan banzan nan saura uku. Ki ce masa in ya rasa aiki ya je gidan yari, suna neman irinsa." Na yi dariya har Umma ta harare ni. Ta biyu a kwana na huɗu ne. Muryar Kawu na yankewa. "Na sauke," ya ce. "Ko ƙara bai yi ba. Igiya ma lafiya." Umma ta ƙwace wayar tana tambayar mota. Ya ce an rufe hanyar gada, motoci sun daina zuwa wannan gefen, amma ana cewa za a buɗe. Daga nan waya ta daina shiga.

A Gadarif na zama annoba. Ba igiyar shanya da ta tsira daga hannuna. Na ɗaure rumfar gwaggona, na ɗaure ta maƙwabta ba su roƙe ni ba, na ɗaure lodin amalanken wani mutum yana cikin masallaci, ya fito yana neman wanda ya yi masa aikin aljanu. Kowa na dariya, ni ma ina taya su. Abin da ba su sani ba shi ne ba na iya tsayawa kusa da igiyar da na ɗaure in iska na kaɗawa. Da ta fara wannan kukan siriri sai in ga kujeru a jere, in ji ana jirana in fara wani abu. Wani lokaci ina zaune ana hira sai in ga yatsuna suna ninka iska suna cusawa.

Na daɗe kafin in gaya wa Umma zancen ƙullin. Tana tsintar wake lokacin. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni na san yayana. Ko fizga ɗaya ne, da ya samo wani abin da zai tsaya dominsa." Wataƙila gaskiya ne. Wataƙila kuma uwa ce kawai take magana. Ni dai na ga takalminsa a ƙafarsa ran nan, na ga jakarsa a ɗaure a bakin ƙofa, har da maganinsa a sama.

Saƙon maƙwabcin ya iso bayan babbar sallah, daga wayar wani da ban sani ba. Maganin Kawu ya ƙare, ƙafar ta kumbura, ya yi kwana tara a kwance ya rasu da hantsi. Ba a iya kaiwa maƙabarta ba saboda hanya. Su uku suka yi masa sallah, suka binne shi a filin nadi, daga gefen katangar gabas, lokacin masu bindiga sun bar makarantar. Na sa aka tambaye shi labulen. Ya ce ya duba ɗakin Kawu, bai gan shi ba.